Na'urar hura iska kafin mota ta tashi: wata tara a jikin tirelolinmu, ga abun da na gani

Wata tara kenan da muka ɗaura wa tirelolinmu na'urar nan da sai direba ya hura mata iska kafin mota ta yarda ta tashi, wadda ake ce ma alkolok, barasa take gwadawa a numfashin direba, direbobinmu kuma tun satin farko suka raɗa mata suna uwar gulma. Na daɗe ina so in rubuta abun da na gani game da ita, don lokacin da nake neman bayani kafin mu saya duk abun da na ci karo dashi talla ce kawai, kowa na yabon hajarsa, ba wanda ya zauna yace ga inda take da kyau ga inda take ba da ciwon kai. Motocin na yayana ne, guda shida, ni ke kula da lodi da mai da takardu da rigimar direbobi, wato dai ni ne wanda ake kira ƙarfe uku na dare in wani abu ya faru. Ba zan kama sunan kamfanin ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganar, kuma dama duk aikinsu kusan ɗaya ne, in ka gane ɗaya ka gane saura.

Ga mai sauri: aikin da aka yi ta dominsa tana yinsa, wanda ya sha ba zai tayar da mota ba, wannan kam na shaida da idona. Sai dai ƙofa ɗaya take gadi, kuma tana da nata halin da sai ka zauna da ita zaka sani.

Ba wayewa ko burga ce ta kai mu ga sayenta ba, haɗari ne. Da asuba aka kira ni akace motarmu ta yi taho-mu-gama da ƙaramar mota a wata kwana, na isa wajen gari bai gama wayewa ba. Mutum uku ne a ƙaramar motar, biyu ko shurawa basu yi ba. Direbanmu kuwa ɗan ƙwarzane ne a goshi, yana zaune a gefen titi ya dafe kai yana ta maimaita birki ne ya ƙwace Oga, birki ne ya ƙwace. Abun da har yau bai fita daga kaina ba shine siginar ƙaramar motar, gabanta ya tafi gaba ɗaya amma fitilar baya tana ta ƙyaftawa ta ɓangaren gefen titi, wato bawan Allahn ya hango abun na zuwa ya sa sigina yana ƙoƙarin sauka ya bar ma tirela hanya, a hannunsa fa yake, hanyar tasa ce. Bakanikenmu ya duba motar daga baya, iska cike a tanki, birki lafiya lau, kuma ba zanen taya ko ɗaya a kan kwalta kafin wajen da suka haɗu, bai ma taka ba kenan. A ƙarƙashin kujera muka samu ƙananan kwalabe, huɗu ba komai a ciki ɗaya saura rabi. Allah ya jiƙansu. Ni da na yi shekaru ina jin bakanike yana cewa giya ta ƙi shiga, giya ta maƙale, ranar na gane giyar da ke kashe mutane ba wadda ke hannun direba bace, wadda ke cikinsa ce.

Mutane basa lissafa abun nan yadda ya kamata. Tirela da cikakken lodi tana kai tan 40, ƙaramar mota tan ɗaya da rabi ce ko ƙasa da haka, to wa zai ji jiki? Shi yasa galibi wanda ke mutuwa ba wanda ke saman tirelar bane. A gudun kilomita 80 a awa mota tana cin mita 22 a duk daƙiƙa ɗaya, birkin iska kuma ko lafiyayye ne yana ɗaukar wajen rabin daƙiƙa kafin ya kama bayan ka taka, to ka ƙara da daƙiƙa ɗaya tak da barasa ta sace daga kan direba kafin ma ya gane akwai abu a gabansa, ka ga an wuce tsawon tirelar kanta ba a fara rage gudu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 tace mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma ta daɗe tana cewa haɗari yana tashi sosai da zarar barasar jini ta kai 0.04, wato giram 0.04 a cikin mililita 100 na jini. Wannan adadin fa mutum ba ya tangaɗi, ba ya surutai, zai gaishe ka ka amsa baka ga komai ba. Amurka ma 0.04 ɗin ta sa wa direbobin manyan motoci alhali na sauran mutane 0.08 ne a kusan duk jihohinta, kuma ta hana su sha cikin awa huɗu kafin su kama aiki. Suwidin tun 1990 take kan 0.02 ga kowa da kowa. Mu tamu a 0.02 muka saita.

Ita na'urar ba wani girma gare ta ba, kashi biyu ce. Akwai ta hannu kamar tsohuwar wayar salula mai kauri da igiya murɗaɗɗiya, a samanta ake soka ɗan bakin roba, sai kuma akwati da ake ɓoyewa a bayan dashbod wanda aka ratsa wayar kik ta cikinsa. Ka murɗa makulli fitilun dashbod su kawo amma kik ba zai juya ba. Zata ɗan ɗumama kanta, da zafi daƙiƙu kaɗan ne, da sanyin asuba ta kan ja lokaci, sai ta rubuta a hura. Zaka hura kamar daƙiƙa biyar ba yankewa, don iskar can ƙasan huhu take nema ba ta baki ba, nan ne barasar jini ke ratsowa cikin numfashi, lissafin da ake amfani dashi tun zamanin Robert Borkenstein, ɗan sandan Indiyana da ya ƙera irin wannan ma'auni a 1954, shine barasar da ke cikin mililita 2100 na numfashi daidai take da ta mililita ɗaya na jini. In ka tsallake ta yi kore ka tayar. In baka tsallake ba ta yi ja ta kulle na 'yan mintuna, ka sake faɗuwa ta ƙara tsawon kullen, kuma duk tana rubutawa da rana da lokaci, tamu har hoto take ɗauka ta turo min a manhajar waya in akwai sabis.

Kafin ita sai da muka fara yin asara da ƙananan na hannu masu araha, irin waɗanda zaka gani an jera da hoton ɗan sanda a kwali. Don Allah kar wanda ya saye su don aiki. Su semikondakta ne a cikinsu, wani ɗan ƙarfe da ake zafafawa, kuma kusan duk wani tururi yana motsa shi, hayaƙin taba, warin fetur, har numfashin mai ciwon suga kan iya ruɗa shi. Na taɓa hura guda ɗaya sau uku a jere ta ba ni amsa uku daban, ni da ban taɓa ɗanɗana barasa ba a rayuwata. Ta yaya zaka tsare babban mutum da irin wannan shaida? Mai kyau ita ce mai fiyul sel, a cikinta akwai 'yan faranti na filatinam da in barasa ta taɓa su sai su ba da ɗan lantarki gwargwadon yawanta, bata damu da taba ko dizal ba. Ta fi tsada nesa ba kusa ba amma ita ce ma'auni. Matsalar ta hannu ta biyu kuma ko mai kyau ce, sai kana wajen. Direban da ya bar gareji garau ba a gareji yake sha ba, a inda ya kwana yake sha, kilomita ɗari biyar daga inda kake.

Ɗaurawa bata ba da wahala ba, kamar awa biyu kowace mota, illa dai ka tabbatar masu ɗaurawar sun san motarka mai batir volt 24 ce ba 12 irin ta ƙananan motoci ba, mu sai da aka mayar da akwati biyu saboda wannan sakacin. Kuma kar ka bari mai wayarin ɗinka na gareji ya haɗa, ko ya iya, don in wani abu ya samu zasu ce ba ruwansu.

Abun da ya fi ba ni wahala ba waya bace, mutane ne. Muna da wani dattijo da ya fi shekara talatin a kan sitiyari, tun kafin a haife ni yake jan babbar mota, duk garejin Baba muke ce masa. Ranar da aka gama ɗaura ma motarsa ya tsaya ya kalle ta ya kalle ni yace "yaro, da furfurata zaka sa in riƙa hura wa roba baki kamar mai busa balan-balan? Ka taɓa jin ance an gan ni da kwalba?" Kunya ta kama ni wallahi. Nace Baba ba don ku aka saka ba, amma in na cire a taku na bar ta sauran kun ga na nuna su da yatsa kenan, ku yi haƙuri ku rufa min asiri. Sai na hau na fara hurawa da kaina a gaban kowa, har sau biyu tana ƙin karɓa don ban iya ba, iskar na yankewa, yara suna ta dariya. Bai ce komai ba ya karɓa ya goge bakin robar da gefen rigarsa ya hura sau ɗaya ta yi kore. Da Baba ya yarda sauran basu da ta cewa. In kana da irinsa a wajenka fara dashi, kuma ka je masa da ladabi.

Kamun farko da ta yi ya koya min abun da ban sani ba. Ƙarfe biyar da ɗan wani abu na asuba waya ta yi ƙara, mota ta huɗu ta ƙi tashi, 0.04. Na kira direban yana ta rantsuwa, Oga wallahi yau ko ruwa ban sha ba, yanzu na tashi daga barci. Kuma gaskiyarsa, yau bai sha ba, jiya ya sha. Hanta tana cire barasa ne a hankali, kusan 0.015 a awa, ba abun da ke sa ta sauri, ba wanka ba kofi ba cingam ba barcin awa huɗu. Wanda ya kwanta sha biyun dare da 0.12 zai tashi biyar na asuba da saura wajen 0.04 ko sama a jininsa, shi a ransa ya wartsake. Sai wajen bakwai da rabi motar ta yarda. A wata taran nan yawancin kamun da ta yi irin wannan ne, na asuba, ba wai mutum ya tsaya da rana tsaka ya ɗaga kwalba ba. Da ba don ita ba duk waɗannan tafiye-tafiyen an yi su kuma ba wanda zai sani sai in Allah bai tsare ba.

Dabarun kauce mata kuwa kai, ɗan adam sai a bar shi. Na farko wanda kowa zai fara tunani, yaron mota ya hura. Kyamara ce maganin wannan, na buɗe hoto na ga fuskar yaro ɗan shekara sha tara a kujerar direba yana kumbura kumatu. In zaka saya mara kyamara gara ka riƙe kuɗinka. Wani ya jawo tiyo daga tankin iskar motar ya soka mata, ta ƙi, don tana so ka hura sannan ka ɗan zuƙa baya a ƙarshe kuma tana gane iskar da ba daga mutum ta fito ba. Wani ya sa sukundireba ya haɗa kan kik kai tsaye, motar ta tashi kam, amma na'urar ta rubuta an tayar da inji ba gwaji ta turo min kafin ya fita daga wajen fakin. Wadda ta fi ba ni dariya da haushi lokaci ɗaya ita ce ta wanda ya daina kashe mota. Ya hura da yamma yana garau, ya faka, ya bar inji yana aiki har gari ya waye don kar ta sake tambayarsa da safe. Lissafin dizal ne ya fara tona shi, mota ɗaya tana shan mai kamar ana ɗura wa rami, na zaci sata ce ashe gudun uwar gulma ake. Daga nan muka sa aka kunna gwajin kan hanya, wato ko inji na aiki zata riƙa neman a hura lokaci zuwa lokaci ba tare da ka san yaushe ba.

Wannan gwajin kan hanya shine abun da direbobi suka fi tsana kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Bari in fara kawar da tsoron da kowa ke tambaya a kai: bata kashe mota ana tafiya, ko ka faɗi ko ka ƙi hurawa, ba za a yi na'urar da zata kashe injin tirela a gangara ba, birki da sitiyari duk sun dogara da shi. Abun da take yi ta rubuta, ta kunna hon da fitilun gefe suna ta yi har sai ka faka ka kashe. Tana ba da 'yan mintuna ka samu waje ka tsaya ka hura, amma tirela ba keke bace, ba ko'ina ake samun wajen faka ta ba, sai ka ga mutum yana hurawa hannu ɗaya a sitiyari ido rabi a kan allo, wanda shi ma haɗari ne. Mun nemi aka ƙara mana lokacin, aka kuma rage yawan tambayar. Ka yi wannan maganar dasu tun kafin a ɗaura.

Sauran illolinta. Barasar baki tana ruɗa ta, maganin kurkure baki, wasu magungunan tari, har man goge hannu in ka shafa ka kama ta nan take cikin kai a rufe. Baba da kansa ta taɓa yi masa ja saboda maganin kurkure baki da likitan haƙori ya bashi, ranar na sha faɗa a waya har sai da na nisanta ta da kunnena. Maganin abun sauƙi ne, a kurkure da ruwa a jira minti 15 a sake, in ta baki ce zata faɗo sifili, in ta jini ce tana nan daram, kuma wannan bambancin yana fitowa a rikod, saboda haka kar ka yanke wa mutum hukunci da gwaji ɗaya. Ƙura tana toshe bakin robar, ka sayi da yawa ka ba kowa nasa, ba wanda ke son sa baki inda wani ya sa. In mota ta yi sati biyu a ajiye tana ɗan tsotsar batir. Igiyar ta hannu kuma ta tsinke mana a mota biyu daga wajen da take shiga akwati, don jijjigar tirela ba irin ta ƙaramar mota bace, inaga basu yi tunanin wannan sosai ba.

Babban ƙorafina shine saiti da kuma masu amsa waya. Ma'aunin yana gocewa da lokaci, dole a mayar a daidaita shi, tamu duk wata shida. Tana gargaɗi kwanaki kafin lokacin, in aka wuce ta kulle motar gaba ɗaya ko waliyyi ne zai hura. Direba ɗaya ya ga gargaɗin bai gane ba bai kuma faɗa ba, ni ma manhajar bata turo min komai ba, ta tashi ta kulle shi da lodi a bayansa a wajen da ba kowa, ranar da kamfanin ba ya aiki. Akwai lambar gaggawa da suke bayarwa mai buɗewa na ɗan lokaci, amma sai ka same su. Na kira ya fi sau goma, wanda ya ɗauka daga ƙarshe yace ba sashensa bane, sai bayan awa biyar aka turo lambar, mai kaya kuma yana ta kirana yana min magana son ransa. Kamfanin da ke sayar da abun da ke iya tsayar da tan 40 a daji ya kamata wayarsa ta kasance a kunne dare da rana. Ka tambayi wannan kafin ka tambayi komai, kuma ka gwada kiran lambar da daddare kafin ka biya.

Yanzu ga inda maganar ta dawo kaina. Na'urar barasa kawai take gani. Tiramadol, kodin, wiwi, ƙwayoyin hana barci, duk zasu wuce ta gabanta tana kore, kuma duk wanda ya san harkar nan ya san da yawa ba don nishaɗi suke sha ba, don ido ya tsaya ne. Barci ma bata ganinsa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba hankalinsa a kan aiki daidai yake da mai 0.05 a jini, in ya kai awa 24 kamar mai 0.10 ne. Wato mutum zai hura sifili alhali a buge yake da gajiya. Wata rana ina duba rikod ɗin motar Baba, ba don zargi ba, sai na ga ya tayar huɗu na asuba, gwaji na ƙarshe sha ɗayan dare, washegari huɗu kuma, kwana uku a jere. Na kira shi nace Baba wannan ai ganganci ne. Yace "to yaro wa ya ce min kaya su isa kafin Laraba? Ba kai bane? Uwar gulmar taka bata faɗa maka wannan ba?" Na yi shiru. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na direbobi. A Tarayyar Turai doka tace tuƙin awa tara a rana, kuma bayan kowace awa huɗu da rabi a huta minti 45, ni kuma ina biyan mutum da yawan sawun da ya yi sannan ina mamakin me yasa ba ya barci. In ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Mun canza tsarin biyan, mun ƙara kwana ɗaya a kan doguwar hanya, yaya bai ji daɗi ba don sawu ya ragu amma ya haƙura. Wannan ba aikin na'urar bane, sai dai ba don rikod ɗinta ba da ban gani ba.

Direba biyu sun ajiye mana makulli cikin wata biyun farko, ɗaya ma bai tsaya karɓar sauran kuɗinsa ba. Na ji daɗi a lokacin, daga baya na ji labarin ɗayan yana jan tanka a wani wajen, sai daɗin ya ragu, don titin ɗaya ne, ni da iyalina ma shi muke bi. Hukumar CDC ta Amurka, mai yaƙi da cututtuka, tace na'urar tana rage sake kama mutum da tuƙi cikin maye da kusan kashi 70 cikin ɗari muddin tana jikin mota, in an cire kuma a kan koma gidan jiya. Haka na gani, bata sa kowa ya tuba ba, makulli kawai take hanawa. Shi yasa ƙasashen da suka ɗauki abun da gaske basu bar shi a hannun mai mota ba, Faransa tun Satumban 2015 ta wajabta ta a manyan motocin fasinja na dogon zango, Tarayyar Turai kuma daga Yulin 2024 duk sabuwar mota sai ta zo da mahaɗin da za a iya ɗaura ta cikin sauƙi. Direba ɗaya dai cikin waɗanda ta kama ya zauna, shine na 0.04 ɗin nan, ya same ni ni kaɗai yace Oga ka taimaka min ina so in bari na kasa, muka haɗa shi da likita, wata biyar kenan bata yi masa ja ba. Ban sani ba ko ya daina ko ya iya lissafin awa ne, ban kuma tambaya ba.

To in tauraro ake bayarwa zan ba na'urar kanta huɗu cikin biyar, masu kula da ita bayan an saya biyu, shi ma don mai ɗaurawar mutumin kirki ne. Wanda ke da manyan motoci, musamman tanka ko masu kwana a hanya, ya saya, amma mai fiyul sel, mai kyamara, kuma sai in akwai wajen saiti da motarka zata iya kaiwa ba tare da ta rasa sawu ba. Sannan sai in akwai wanda zai zauna ya riƙa buɗe rikod ɗin kullum, in ba haka ba ado ka ɗaura. Wanda motarsa ɗaya ce kuma shi ke ja, ƙaramar ta hannu mai fiyul sel ta ishe shi in yana da buƙata.

Wata uku ya rage a sake saiti, ina ta fama dasu su turo mutum ya yi duka shidan a gareji rana ɗaya maimakon in riƙa tura mota ɗaya-ɗaya, har yanzu sai dai ace za a duba. Ina kuma lallaɓa yaya ya yarda a saka direba na biyu a kan doguwar hanya, yace in bari sai bayan an gama biyan tayoyi. Baba kuwa har yau sai ya goge bakin robar da gefen riga kafin ya hura, duk da nasa ne shi kaɗai ba mai taɓawa, in ta yi kore ya ɗaga ta saitin kyamara yace to a kai wa yaro.